Jirgin da Ba Ya Auna Kaya

Bakin Issifu ne ya ja mana. Mijina mutumin kirki ne, amma in ya san wani sabon abu, cikinsa ba ya iya riƙe shi sai duk unguwarmu ta Gorton, nan Manchester, ta ji. Ranar Juma'ar da ya gama sayen tikitocinmu, ana sallame salla ya tsaya a bakin ƙofar masallaci ya sanar da jama'a cewa jirgin ƙasan da zai kai mu Jamus ba ya auna kaya. Jaka biyu ce ga kowane mutum, in ji shi, amma nauyi babu ruwansu, ko duwatsu ka zuba. Da ya dawo gida yana ba ni labari har da dariyarsa, na ajiye ludayi na dube shi.

"Baban Hajar, a gaban mutum nawa ka yi wannan magana?"

"Ba su da yawa. Masu neman takalmansu ne kawai."

Ni dai ban taɓa ganin wanda ya fito sallar Juma'a ba ya neman takalminsa ba.

Wanda bai zauna ƙasar waje ba ba zai gane girman ɓarnar nan ba. Mu 'yan zango, daga Kumasi har nan, ba ma tafiya hannu rabbana. Da an ji za ka wani gari, mai ɗa a can da mai ƙanwa a can za su zo maka da saƙo, kuma ba a cewa a'a. Magana ɗaya ce tak take fitar da matafiyi ba tare da an ƙullace shi ba: kilo ya cika. Ko tsohuwar da ta fi kowa naci, in ka ce mata kilo ya cika, za ta ɗauki ƙullinta ta yi maka addu'a ta tafi, don ta san ba kai ba ne, masu jirgin sama ne. Wannan mafakar ce Issifu ya rushe mana da bakinsa.

Ga dalilin tafiyar. Ƙanwata Sadiatu tana aure a Hamburg, ta fi shekara goma ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba, sai bana Allah ya dube ta. Da cikin ya tsufa, likitocinta suka sa ranar da za su kwantar da ita su tayar mata da naƙuda. Mahaifiyarmu, Mma Zuweira, a wurina take zaune, kuma tun da jini ya daskare mata a ƙafa bara likita ya hana ta hawa jirgin sama. Ita kuwa ta ce ko da rarrafe ne sai ta je. Ita za ta raka 'yarta asibiti, ita za ta karɓi jaririn, ita za ta yi wankan jego. Hutuna na gidan tsofaffin da nake aiki da hutun Issifu ba su haɗu ba sai ana gobe za a kwantar da Sadiatu. Yini ɗaya ke nan muke da shi, mu bar Manchester da asuba mu kwana Hamburg. In muka kwana a hanya, za a shiga da Sadiatu uwarta ba ta kusa.

Issifu direban bas ne, shekara da shekaru yana hawa da sauka a Oxford Road da ɗalibai da ma'aikatan asibiti, don haka yake ɗaukar kansa masanin duk wani abu mai taya. Amma a cikinmu babu wanda ya taɓa ƙetare ƙasa a jirgin ƙasa, har shi masanin. Ya jera mana hanyar a kan teburin cin abinci. Kofin shayi shi ne Manchester. Gwangwanin madara London, inda za mu taka da ƙafa daga wata tasha zuwa wata mu hau jirgin da ke bi ta ƙarƙashin teku. Kwalbar shito, yajin nan na mai da muke ci a Kumasi, ita ce Brussels, gishiri Cologne, tukunyar miya can ƙarshen tebur ita ce Hamburg.

"Ko'ina muna da isasshen lokaci," ya ce, ya ɗora yatsa a kan gishiri. "Ban da nan. Connection ɗin Cologne gajere ne. Sauka, lift, wani platform, hawa. In ya tafi ya bar mu, shi ke nan, sai washegari."

Mma ta dubi gishirin ta dubi tukunyar miya. Teku bai dame ta ba ko kaɗan. Abin da ta tambaya kawai shi ne a wane gari za mu yi azahar.

Tun Asabar aka fara buga ƙofa. Hajiya Batulu, matar wani likita Bakano da muke haɗuwa a islamiyya, ta kawo leshi da turaren wuta a kai wa yayarta. Malam Bara'u tela ya zo da kan keken ɗinki naɗe cikin bargo, na ɗansa ne. Aka kawo ganyen shayi kamar babu shayi a duk Turai sai a Ingila. Aka kawo rigunan ƙwallo, ja da shuɗi, takalman makaranta, tukunyar lantarki, man zafi. Hajar, 'yata mai shekara goma sha bakwai, ta binciko a waya cewa doka ta hana shiga da nama da madara, da haka muka tsira daga kilishi da dambun nama. Sauran duk Mma ta karɓa. "Ajiye can, Allah ya kai mu," take cewa, sai ta yago ƙyallen tsohuwar atamfa ta ɗaura wa kayan. Kowane saƙo da launin ƙyallensa, kuma ba ta taɓa rikita na wani da na wani ba.

Kafin mako ya zagayo, hanyar shiga gidanmu ta toshe. Gidajen Gorton dama ba su da faɗi, sai da muka koma bi a karkace. Namu tufafin mu huɗu a jaka ɗaya muka cusa su, sauran jakunkunan duk na mutane ne, kowace sai mutum biyu sun kama.

"Kaka, this is mad," in ji Hajar. "We're not a removal van."

"Me ƙawata take cewa?" in ji Mma.

"Cewa take kayan sun yi yawa."

"Ce mata ta ƙara cin tuwo."

Issifu shi ya fi kowa shiga uku, ga shi ba shi da bakin magana. Shekara ashirin da aurenmu bai taɓa haɗa ido da Mma ba, bai taɓa cin abinci a gabanta ba. In yana da magana da ita, ni yake faɗa wa, ko da kuwa tana zaune taku biyu daga inda yake. Ita ma haka take yi masa. Ni ce wayar da ke tsakaninsu.

"Shetu, ki gaya wa Mma a rage kayan nan. Ko rabi ne a mayar wa masu su."

"Shetu, ki gaya wa mijinki amana ba ta da rabi. In an bar jaka ɗaya, a bar ni tare da ita."

Ya fita ya bar mana ɗakin. Na so in ba shi gaskiya, don gaskiyar tasa ce. Amma na san abin da ke ran Mma, kuma abin yana raina ni ma. Lokacin da na haifi Hajar a nan Manchester, Mma tana Kumasi, ba a ba ta biza ba. Ni kaɗai na yi jegona a wani ɗaki mai sanyi, ba wanda ya dafa mini ruwa, ba wanda ya dama mini kunu. Ina nan ina kukan da ban san dalilinsa ba sai wata mata 'yar Tamale, wadda ban taɓa gani ba, ta buga ƙofa ta miƙo mini ƙulli. Yaji ne da kanwa da zanin Mma, wanda ta ɗaura ba ta wanke ba don in ji ƙanshinta. Daga baya muka ji cewa a filin jirgin Accra kilon matar ya cika, sai ta fitar da nata garin da kifinta ta bar su a can, ta sa ƙullina. Tun daga ranar Mma ta yi alkawari tsakaninta da Allah ba za ta taɓa mayar da saƙon kowa ba. Ta yaya zan ce mata ta karya shi, alhali ni na ci moriyarsa?

Issifu ne ya kawo shawarar gwaji. Ƙanina Toufik yana Birmingham, a Balsall Heath, kuma dama ya kamata Mma ta je ta yi masa sallama. Akwai jirgin da ke zuwa can kai tsaye, amma da gangan Issifu ya zaɓi wanda za a canza a Crewe, mai tazara kusan irin ta Cologne. Ya ce da kayan gaba ɗaya za mu je mu dawo, a ga ko za mu iya. Na san nufinsa. So yake Mma ta gani da idonta, tunda shi bakinsa ba zai iya faɗa mata ba.

Tasi biyu suka kai mu tashar Piccadilly ranar Asabar. Hawan farko bai ba mu wuya ba, don jirgin yana tsaye yana jira. Mma ta samu wuri kusa da taga, ta miƙe ƙafarta mai ciwo, tana kallon tumaki a filaye tana yi musu kuɗin layya a baki. Hajar ta raba mana ƙosai. Har Issifu ya saki fuska. Na ce a raina ashe abin ba wuya.

A Crewe muka gane kurenmu. Kafin mu gama sauke jakunkuna, mutanen da muka sauka tare sun ɓace. Lif ɗin ba ya ɗaukar fiye da Mma da sandarta da jaka biyu. Issifu ya hau da keken ɗinki ta matakala, ya sauko, ya sake hawa, gumi har cikin takalmi. Ni da Hajar muka kama jakar nan mai ratsi-ratsi, wadda 'yan Najeriya suka laƙaba wa sunan ƙasarmu, muna tsakiyar gada zif ɗinta ya fashe. Kwalayen shayi suka bi matakala suna gangarawa. Wani dattijon Bature ya tsaya yana taya mu tsinta, yana cewa lallai mu masoya shayi ne. Muna tsugune a wurin muka hango jirgin Birmingham ya rufe ƙofofinsa ya ja jiki a hankali, ko waiwaye babu.

Issifu ya ajiye keken ɗinkin. Ya ci nasara, amma ban ga alamar jin daɗi a fuskarsa ba. Muka zaunar da Mma a kan benci, kayan mutane sun kewaye ta. Ta daɗe tana kallon inda jirgin ya bi.

"A can ma haka zai tafi?" ta tambaye ni.

"Haka zai tafi, Mma."

"Ba ya jiran tsoho."

"Ba ya jiran kowa."

Ta sunkuyar da kai tana murza ƙyallen da ke ɗaure a hannun wata jaka. Can ta ce, a hankali yadda ni kaɗai zan ji, "Shetu, sau biyu ke nan zan rasa jegon 'yata?"

Ban taɓa ganin tsoro a idon uwata ba sai ranar. Tausayinta ya kama ni, na shiga gyara zif ɗin da na san ba zai gyaru ba.

Na bayansa muka hau. A tashar New Street ta Birmingham ina ta tunanin yadda za mu fitar da kayan nan, ashe Toufik ya zo tarba, kuma Toufik ba ya zuwa ko'ina shi kaɗai. Muna ƙetare shingen tikiti abokansa suka yi mana ca, wannan ya durƙusa ya gaida Mma, wancan ya saɓa jaka, wani ya rungumi keken ɗinki kamar jariri. Kafin in gyara mayafina babu ko leda a hannunmu. Muka bi bayansu muna kaɗa hannu.

"Sannu, direba," in ji Toufik, ya daki kafaɗar Issifu. "An ce jirgi ya bar ka. Yau ka ɗanɗana abin da kake yi wa mutane a bus stop."

"Ni ina jira in na hango mutum yana gudu."

"Ƙarya kake, na taɓa bin ka da gudu."

A gidan Toufik an dafa wake da shinkafa irin na gida, da shito da dafaffen ƙwai da taliya. Muka ci muka yi nak, Issifu ya ɗauki nasa ya koma kicin saboda Mma. Ran kowa ya fara sanyi ke nan sai aka yi sallama. Ashe labarin jirgin da ba ya auna kaya ya riga mu isa Birmingham. Wata maƙwabciyar Toufik ce, ita da ɗanta, suna turo wani abu a keken jarirai an lulluɓe shi da zani. Ta gaida Mma, ta tambayi ƙafa, ta tambayi mai ciki, sannan ta yaye zanin. Turmi ne. Turmi na gaske, na icce, irin na kirɓa fufu, ga taɓaryarsa an ɗaure a gefe. Ta ce daga Kumasi ya zo cikin kwantena, na ƙanwarta ne, ya shekara biyu a bayan ƙofarta yana jiran matafiyin da ba a auna wa kaya.

Mma ta buɗe baki za ta ce a ajiye can. Sai ga Issifu a ƙofar kicin, hannunsa da maiƙo. Na gyara zama ina jiran ya ce in gaya wa Mma. Bai dube ni ba. Ya zo gabanta ya durƙusa, ya ɗaga kai ya dube ta.

"Mma," ya ce. "Ni na ɗauki alkawarin kai ki. Ina so in kai ki. Da kayan nan ba zan iya ba, kin gani yau. Ki yafe mini."

Mma ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska. Kunya ta kama ta, ta kama shi, ta kama ni da nake kallo.

"Na gani, ɗana," ta ce. "Tashi. Na gani."

Mai turmi ta rasa inda za ta sa kanta. Ta fara mayar da zanin tana ba da haƙuri. "Da na san haka ne da ban kawo ba. Na ga dai ƙanwar tawa a Brussels take, an ce gidanta ma bayan tashar yake, shi ya sa."

Na ce, "Brussels? To me zai kai turmin Hamburg?"

"Can za ta zo ta ɗauka ranar suna mana," in ji Mma. "Kowa can zai zo. Saƙo a masaukin matafiyi ake karɓarsa, a zo a gaishe shi, a sha ruwa."

Wani abu ya faɗo mini. Na jawo jakar da ta fi kusa na kama wani ƙyalle kore. "Mma, wannan na wane gari ne?"

"Na jikar Hajiya Laraba ne, London."

"Keken ɗinki fa?"

"Ɗan Malam Bara'u. Brussels."

"Leshin Hajiya Batulu?"

"Wancan garin. Garin gishiri."

Muka bi kayan ɗaya bayan ɗaya. Ashe na Hamburg ba su taka kara sun karya ba. Yawancinsu na mutanen da ke zaune a garuruwan da za mu sauka mu canza jirgi ne. Mu mun yi ta shirin wuce ƙofar gidajensu da kayansu a ka, mu kai can ƙarshen Jamus, su kuma su biyo mu su ɗauko su dawo da su.

"To su zo tasha mana," in ji Toufik. "Kowa ya karɓi nasa a garinsa."

Mma ta girgiza kai. "A miƙa wa mutum saƙo a titi, a tsaye, ko ruwa ban ba shi ba? Ba a yi mini wannan tarbiyya ba."

Toufik ɗan auta ne, ya san inda ake taɓa Mma. Ya matso ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta. "Mma, a can ai ke ce baƙuwa, su ne masu gari. Ruwa su za su kawo miki. Ni abin da nake tsoro daban ne. A ce Mma Zuweira ta ratsa Brussels, ta sauka, ta taka ƙasar garin da ƙafarta, ta wuce ba ta nemi kowa ba. Ɗan Malam Bara'u ya ji a bakin mutane. Yayar Hajiya Batulu ta ji an ce kin bi ta garinsu kamar ba ki san da ita ba."

Mma ta saki mayafin. "Ashe har sauka za mu yi a cikin garin nasu?"

"Tsakiyar gari ma."

"Subhanallahi. Da na yi abin kunya." Ta juyo gare ni. "Shetu, miƙo mini wayata."

Issifu, wanda har yanzu bai gama dawowa hayyacinsa ba, ya ce yana da sharaɗi ɗaya, kuma ni ya faɗa wa, don ƙarfin halin nasa ya ƙare. Duk wanda ya zo karɓar saƙonsa, sai ya ɗauki wata jakar ya raka mu har bakin jirgi na gaba. Mma ta ce in gaya wa mijina wannan ai ba sai an roƙa ba, wa zai zo gaida tsohuwa ya bar ta da kaya?

Ranar a gidan Toufik aka yi yinin da ban taɓa mantawa ba. Mma ta kafa wayarta a baki tana aika saƙon murya, kowane sai ta fara da gaisuwar iyaye da kakanni kafin ta zo kan tasha. Issifu ya sake jera kofuna a kan teburin Toufik, yana sake shirya jakunkuna gari-gari, na London a sama, na Cologne a ƙasa. Hajar tana tura wa kowa lambar tarago da hoton Mma, kamar akwai ɗan zangon da zai kasa gane ta. Amsoshi suka fara shigowa, wannan yana cewa zai ɗauki off, wancan yana cewa zai yi swapping ɗin shift. Turmi ma aka karɓe shi. Toufik ya ce shi zai kawo shi London da kansa, don ya ga ƙarshen wannan wasa.

Ranar tafiya, rabin masallacin Gorton ne suka rako mu Piccadilly. A London muka taka daga tasha zuwa tasha cikin ayari, Toufik a gaba da turmi a kafaɗa, masu wucewa suna ɗaukar hoto. Wurin shiga jirgin ƙarƙashin teku ne kaɗai 'yan rakiya ba sa wucewa, nan muka sha fama mu huɗu, amma muna da lokaci, kuma jaka biyu sun riga sun ragu. Mma ta yi barcinta a ƙarƙashin teku. A Brussels ɗan Malam Bara'u ya rungumi kekensa yana hawaye, ƙanwar da aka aiko wa turmi kuwa ta naɗa gammo ta ɗora shi a ka, ta ratsa tashar tana tafe tana gaisawa. A can muka yi azahar.

Da muka doshi Cologne Issifu ya kasa zama. Ya tsaya a bakin ƙofa, yana duba agogo yana share gumi. Jirgi ya tsaya, ƙofa ta buɗe, sai ga yayar Hajiya Batulu tsaye daidai wurin, da samarin 'ya'yanta uku, kowanne ya fi ƙofar tsawo. Ɗaya ya riga ya je ya tare lif. Biyu suka kwashe kayan. Ita ta kama hannun Mma suna tafe suna gaisawa, ina gajiya, ina mutan Manchester, ya ƙafa. Muka isa bakin jirgin Hamburg tun bai iso ba. Issifu ya dubi agogonsa, ya dube ni, ya fashe da dariya har yana dafa gwiwa. Bai gama ba matar ta miƙo masa wata ƙatuwar kula cike da tuwo da miyar kuka, ta ce ba a ratsa garinta da yunwa. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya.

Sadiatu tana tsaye a tashar Hamburg, mijinta yana riƙe da ita, cikin ya yi gaba ita tana baya. Mma ta miƙo mini sandarta. Babu jaka a hannunta, babu ƙulli, babu komai. Ta taka da ƙafarta har wurin 'yarta, ta ɗora tafukanta biyu a kan cikin.

"To, na iso," ta ce wa na ciki. "Sai ka fito."

Mace ce ta fito, washegari da la'asar, aka sa mata Zuweira. Ranar da aka sallamo su daga asibiti, da sassafe na ji motsi a kicin. Na tarar da Mma ta ɗaura zani a ƙirji, ta ɗora manyan tukwane biyu a wuta, tururi ya cika tagogi. Kunun kanwa yana gefe a rufe.

"Mma, ai tukunya ɗaya ta ishi Sadiatu. Ɗayar ta wace ce?"

Ba ta juyo ba. Ta sa hannu ta gwada zafin ruwan, ta ƙara wuta kaɗan.

"Taki ce," ta ce. "Wankan jegonki ya daɗe yana jiranki. Je ki ɗauro zani."